Da ruwan ciki akan ja na rijiya: mu ciyar da uwar kifi



Kowane manomi ya san darajar iri. In kaka ta yi, yakan zaɓi zangarniyar gero mafi cika, ya ɗaure ta daban, ya ajiye ta inda ruwa da ɓera ba su kai. Ko yunwa ta matsa wa gida, ba ya taɓa ta. Ya san abin da zai ci baɗi yana cikin wannan dami.

To, yau a jihar Maraɗi an samu wani sabon noma, wato kiwon kifi. A cikin gari, a garake na bakin Gulbi, wajen Tibiri da Jiratawa, mutane suna gina kwamin siminti ko su shimfiɗa tamfol, su zuba ƴaƴan tarwaɗa ko na karfasa, wadda wasu ke kira gargaza. Abin farin ciki ne. Amma akwai kuskure ɗaya da nake gani ana yawan yi. Muna ciyar da kifin da za mu sayar, muna barin kifin iri da yunwa. A ganina wannan kuskure yana cikin manyan dalilan da suka sa har yanzu muke dogara da ƴaƴan kifin da ake kawo mana daga nesa. Shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Abin da na gani da idona

Ina da wani maƙwabci, dattijo mai ƙwazo, yana da garka a fadama. Ya yi kiwon tarwaɗa ya sayar, ya ga riba. Sai ya ce shi ma zai fara ƙyanƙyasa da kansa. Ya ware manyan kifaye shida, mata huɗu da maza biyu, ya sa su a wani ƙaramin kwami a gefe.

Kifin sayarwa yana ba su abincin buhu safe da yamma. Waɗannan shida kuwa sai dusa da ragowar tuwo. Na tambaye shi dalili. Ya ce: "Ai sun gama girma. Me zan ɓata kuɗi a kansu?"

Bayan wata uku ya kira wani yaro da ya koyi aikin ƙyanƙyasa. Yaron ya yi wa matan allura, ya jira, ya matse cikinsu. Ƙwai ya fito kaɗan, wani babba wani ƙarami. Washegari mafi yawansa ya yi fari fat, alamar ya mutu. Ƴan kaɗan da suka ƙyanƙyashe ba su yi mako ba.

Dattijo ya zargi allura. Ya zargi yaron. Har ya ce ko baki ne. Ni kuwa na ce masa: "Baba, ka tuna abin da ka ba uwayen nan wata uku. Abin da ka zuba musu, shi suka mayar maka."

Yadda ƙwai yake samuwa a cikin kifi

Mu fahimci abin tun daga tushe. Ku fasa ƙwan kaza ku duba. Akwai gwaiduwa a tsakiya. Ita ce guzurin ɗan tsako kafin ya fito. Ƙwan kifi ma yana da gwaiduwa, ko da yake ƙanƙane ne kamar ƙwayar riɗi.

Daga ina wannan gwaiduwa take zuwa? Masana sun gano cewa a hantar uwa ake haɗa ta. Uwa ta ci abinci, hanta ta tace, ta fitar da sinadarin gina jiki da mai. Jini ya ɗauka ya kai mahaifar ƙwai. A can kowane ƙwai yake cika sannu a hankali, cikin makonni. In abinci ya yi ƙaranci, hanta ba ta da abin aikawa. Sai uwa ta yi ƙwai kaɗan, ko ta yi mai yawa amma mara ƙwari. Wani lokaci ma jikinta yakan shanye ƙwan da ya fara yi, don ta tsira da ranta.

Ƙwan tarwaɗa yakan ƙyanƙyashe cikin kwana ɗaya ko ɗaya da rabi in ruwa yana da ɗumi. Ɗan da ya fito ba ya cin komai wajen kwana 3. Yana ɗauke da ƴar jakar gwaiduwa a ƙarƙashin cikinsa, da ita yake rayuwa. Kun ga ke nan, abincin farko na ɗan kifi shi ne abin da uwarsa ta ci watanni kafin a haife shi. In guzurin ya kasa, zai mutu kafin ya koyi ci, kome kyan abincin da aka tanadar masa.

Uwar tarwaɗa mai kilo 1 da ta ƙoshi tana iya ba da ƙwai giram 100 zuwa 150. A cikin kowane giram akwai ƙwai wajen 600. Wato uwa ɗaya tana iya ba da ƙwai fiye da 50.000 a matsa ɗaya. Ba dukansu ke rayuwa ba. Amma ku duba nauyin da aka ɗora mata: kashi ɗaya cikin goma na jikinta take fitarwa. Wa zai iya wannan aiki da dusa kaɗai?

Karfasa kuma nata halin daban ne. In ta yi ƙwai, sai ta kwashe shi a bakinta. Tana riƙe da shi har ya ƙyanƙyashe, ƴaƴan su yi ƙwari, wajen kwana 10 zuwa mako 2. A duk tsawon wannan lokaci ba ta cin abinci. Takan fito a rame. In ta samu abinci mai kyau, bayan wata ɗaya ko ɗaya da rabi ta sake yin ƙwai. In ba ta samu ba, sai ta daɗe ba ta yi ba.

Kada a manta da namiji. Shi ma ruwan da yake bayarwa don ƙwai ya ɗauka, daga abinci yake samuwa. Namijin da ya rame, ruwansa kaɗan ne, kuma ba shi da ƙarfi.

Darasi daga nesa

Wannan magana ba a kan kifi kaɗai ta tsaya ba. A wasu ƙasashe ana kiwon wata halitta ta ruwan daɗi mai kama da jatan lande, ƴar'uwar ƙaguwa, mai ɓawo da almakashi biyu. Manoman shinkafa na jihar Luwiziyana ta Amurka sun daɗe suna kiwonta a gonakinsu bayan girbi. Ƙasar Sin ta fi kowa yanzu: tun daga 2019 tana samar da fiye da tan miliyan 2 a kowace shekara, mafi yawa a fadamun shinkafa.

Macen wannan halitta tana ɗaukar ƙwanta a ƙarƙashin wutsiya har ya ƙyanƙyashe. Masu bincike sun lura akwai wani nau'in kitse da jikinta ba ya iya haɗawa da kansa, dole sai ta ci shi a abinci. In ba ta samu ba, saɓar ɓawonta da yin ƙwanta duka sukan samu tangarɗa. Launin da ke jikin ƙwanta ma daga ganyaye da ƙananan halittun da take ci yake fitowa. Don haka masu kiwonta na gaske suke yi wa iyaye abinci na musamman kafin lokacin ƙwai.

Ban kawo labarinta don mu shigo da ita nan ba. A wajen 1970 an zuba ta a tafkin Naibasha na ƙasar Kenya, ta yaɗu, ta cinye tsirran ruwa, ta riƙa ɓata kifin da ya faɗa komar masunta. Tana kuma haƙa rami a jikin madatsa. Tarwaɗarmu da karfasarmu sun ishe mu. Darasin da za mu ɗauka ɗaya ne: duk inda aka ci ribar kiwon ruwa, da cikin uwa aka fara.

Me ya sa abin ya dame mu a Maraɗi?

Mu nan ruwa ba ya isar mu. Gulbin Maraɗi daga ƙasar Katsina yake tasowa, ya biyo ta Madarumfa da Jiratawa, ya ratsa gefen Maraɗi da Tibiri, ya wuce Gidan Runji, ya koma Najeriya. Da damina kawai yake gudu. Tun da aka gina madatsar Jibiya, ruwan da ke iso mu ya ragu. Tafkin Madarumfa shi ne babban wurin su a jiharmu, har an sa shi cikin jerin wuraren ruwa masu muhimmanci na duniya a 2019. Amma tafki ɗaya ba zai ciyar da miliyoyin mutane da kifi ba.

A da, tarwaɗa ita ke yi wa kanta komai. In ruwan farko ya sauka, gulbi ya cika ya malala cikin ciyawa, sai ta bi ta zuba ƙwanta. Kafin nan ta ƙoshi da ƙwari, da tsutsa, da ƙananan kifaye, da kwaɗi. A kwamin siminti babu ko ɗaya daga cikin waɗannan. Ba ta ma yin ƙwai da kanta sai an yi mata allura. Mai kwami shi ne gulbinta, shi ne daminarta. Abin da bai zuba ba, ba ta samu.

Da yawa daga cikin ƴaƴan kifi da abincin buhu da muke amfani da su daga Najeriya suke zuwa, ta hanyar Kano, Katsina, Jibiya da Ɗan Isa. Maƙwabtaka ce mai albarka, ba mai musun haka. Amma mun ga abin da kan faru. A watan Agusta na 2019 Najeriya ta rufe iyakokinta, ba ta fara buɗewa ba sai Disamba 2020. A 2023 an sake rufewa, sai Maris 2024 aka buɗe. Duk lokacin da aka rufe, kaya sukan yi wuya, su yi tsada. Ko hanya a buɗe take, ɗan kifin da ya sha rana da girgizar mota yakan iso a galabaice. Kuma mai saye bai san uwarsa ba, bai san abin da ta ci ba. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Akwai kuma maganar lafiya. A lissafin duniya, mutum ɗaya yana cin kifi wajen kilo 20 a shekara. Ɗan Nijar ba ya cin ko kashi ɗaya cikin biyar na wannan. Alhali kifi yana gina jikin yaro, yana taimakon mai ciki da mai shayarwa. Waɗanda suka ga ƙarancin abinci na 2005 ba za su manta da yaran da tamowa ta kama a jihar nan ba. In ƴaƴan kifi suka wadata a gida, kifi zai yi araha, ya shiga tukunyar talaka.

Abin da uwar kifi take bukata

Abu huɗu ne.

Na ɗaya, sinadarin gina jiki, wanda likitoci ke kira furotin. Shi ne tubalin ƙwai. Abincin uwar tarwaɗa ya kamata ya ƙunshi kashi 35 zuwa 40 cikin 100 na wannan sinadari. Dusa ba ta wuce kashi 15 ba. Kun ga inda maƙwabcina ya yi kuskure.

Na biyu, mai. Kaɗan ake so, amma mai kyau, wanda bai yi ɗoyi ba. Man da ke jikin kifi ya fi kowane amfani ga ƙwai.

Na uku, bitamin. Wanda ake kira C da wanda ake kira E suna taimaka wa ƙwai ya ƙyanƙyashe, su rage ƴaƴa masu lanƙwasasshen baya. Ana samun bitamin a ganye da manja, ko a garin bitamin da masu maganin dabbobi ke sayarwa.

Na huɗu, sinadarin ƙashi. Ana samunsa a ƙayar kifi da aka niƙa.

Alhamdu lillahi, mafi yawan waɗannan suna ƙasarmu. Maraɗi garin gyaɗa ne tun zamanin kakanni. Matanmu suna matse mai, tunkuza ta rage, wadda ake ƙuli-ƙuli da ita. In ta bushe, kusan rabinta sinadarin gina jiki ne. A Jiratawa, inda aka buɗe gandun noman rani a 1982 mai fiye da hekta 500, zogala ta zama abin alfahari. Busasshen ganyenta kashi ɗaya cikin huɗu sinadarin gina jiki ne, ga bitamin. A wajen masu sayar da kifi akwai kawuna da ƙaya da kayan ciki da ake zubarwa. In an dafa su, an shanya, an niƙa, sun zama garin kifi. Akwai waken soya a kasuwa. Akwai gara, wadda iyayenmu ke kamawa don ƴan zabi. Akwai tsutsar ƙuda, wadda in an wanke ta, an zuba mata tafasasshen ruwa, an shanya, ta kusa garin kifi amfani.

Ga misalin haɗi na kilo 10:

Garin kifi, kilo 3.
Busasshiyar tunkuza, kilo 3.
Dusar gero ko ta masara, kilo 2.
Soyayyen waken soya da aka niƙa, kilo 1.
Garin zogala, rabin kilo.
Garin rogo, rabin kilo, don ya kama.
Manja, rabin kofin shayi.

A dama garin rogo da ruwan zafi, a zuba sauran, a cuɗa sosai. A tura a injin niƙan nama don ya fito tsinke-tsinke, ko a mulmula da hannu. A shanya a wuri mai iska har ya bushe ƙarau. Wannan haɗi yana kaiwa wajen kashi 37 cikin 100. Wanda yake da halin sayen abincin buhu mai kyau, ya saya. Ya dai duba lambar da aka rubuta a jiki, ya duba ranar da aka yi shi. Ga amfanin karatun da muka koya.

Abubuwan da ke kashe ƙwai

Wani abincin ya fi yunwa illa. Ku kiyaye waɗannan.

Gyaɗa ko tunkuza ko masarar da ta yi fumfuna. Fumfuna tana fitar da wata guba da ake kira afalatoksin. Dafuwa ba ta kashe ta. Hanta take ci. Kun tuna a hanta ake haɗa gwaiduwa. Wasu sukan ce: "Wannan gyaɗa ta lalace, a ba kifi." Kada a yi. Abin da bai dace da yaro ba, bai dace da uwar kifi ba.

Tunkuzar angurya. Shanu suna cin ta lafiya, amma tana da wani sinadari da ke rage haihuwa ga kifi, musamman namiji. Kada a sa ta a abincin kifin iri.

Ɗanyen waken soya. Yana hana narkewar abinci. Sai an soya shi ko an dafa.

Zogala mai yawa. Kada ta wuce kashi ɗaya cikin goma na haɗi. In ta wuce, kifi yakan rage girma.

Mushen kaji. Ba mu san cutar da ta kashe su ba, kuma suna ɓata ruwa.

Tuwo da gari mai yawa. Suna sa kifi teɓa. Mai kwami ya ga ciki ya kumbura ya yi murna, alhali kitse ne ya cika shi. Uwa mai kitse ba ta yin ƙwan kirki. Masu kaji sun san haka: kazar da ta yi ƙiba ainun takan rage saka.

Yadda ake ba su

A zaɓi iyaye tun da wuri, daga kifayen da suka fi lafiya da kyan jiki. Kada a sayar da manya duka, a bar tsumburarru a ce su ne iri. Tarwaɗar iri ta kai shekara ɗaya ko fiye, nauyinta kilo 1 ko fiye. Kada a haɗa wa da ƙanwa shekara da shekaru. A riƙa musayar maza da wani mai kiwo na nesa.

A ba su kwami nasu, kada a cunkusa su. A fara ciyarwar musamman wata 2 zuwa 3 kafin ranar ƙyanƙyasa.

A kowace rana a ba su wajen kashi 2 cikin 100 na nauyinsu. Ga lissafin: kifi 10, kowane kilo 1, sun zama kilo 10. Abincinsu giram 200 a rana. A raba biyu, giram 100 da safe, giram 100 da yamma. A tsaya a kalle su. In sun bar saura, a rage gobe. Abincin da ya kwana a ruwa yakan ruɓe ya sa musu cuta.

Lokacin ɗari, a Disamba da Janairu, ruwa yakan yi sanyi, kifi ya rage ci. A rage abinci, kada a tilasta. Karfasa ma takan daina ƙwai in ruwa ya yi sanyi. In zafi ya shigo, a koma yadda aka saba.

Kwana ɗaya kafin allura, a daina ba uwa abinci, don cikinta ya zama babu kashi.

Bayan an matse ta, a mayar da ita wuri mai tsabta, a ci gaba da ba ta abinci mai kyau. Tana bukatar wata 2 ko fiye kafin a sake. Kada a ci moriyar ganga a yada kwaurenta. Karfasar da ta saki ƴaƴanta, ita ma a ware ta daga maza mako 2, ta ci ta murmure.

A ƙarshe, a rubuta. A samu ɗan littafi. Ranar kaza na fara ba su haɗi kaza. Ranar kaza aka matse, ƙwai giram kaza, ƴaƴa kaza suka rayu. Bayan shekara ɗaya wannan littafi zai zama malaminka. Ƙwai mai kyau girmansa ɗaya ne, launinsa kore-kore ko ƙasa-ƙasa, yana sheƙi. In ka ga fari ya yi yawa, ka koma littafinka ka duba abin da uwa ta ci.

Masu cewa da tsada

Na san abin da wasu za su ce: "Malam, mu da kanmu ba mu ƙoshi ba, ina muka ga na ciyar da kifin da ba za mu sayar ba?" Magana ce mai nauyi, ba abin raini ba ce. Amma mu yi lissafi.

Iyaye 10 suna cin giram 200 a rana. A wata ɗaya, kilo 6. A wata 3, kilo 18. Mu ɗauka kilo ɗaya ya kai jika ɗaya. Jika 18 ke nan. Cikin iyayen nan, ko uwa ɗaya ce kawai ta ba da ƴaƴa 5.000 da suka rayu, ka tambayi kuɗin ɗan kifi ɗaya a kasuwa, ka ninka sau 5.000. Za ka ga wanda ya fi. Shi kuwa wanda ya yi rowar jika 18, ya yi asarar kuɗin allura, da ladan mai aiki, da namijin da aka yanka don a ɗebi ruwansa, da wata 3 na jira. Araha ba ta ado.

Wasu kuma za su ce aikin ƙyanƙyasa ya fi ƙarfin ƙaramin mai kiwo. Wannan gaskiya ce. Yana son ruwa mai tsabta da ba ya yankewa, da ido dare da rana. Ba kowa zai yi ba, kuma ba na cewa kowa ya yi. Amma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Masu kwami goma a unguwa ɗaya ko ƙauye ɗaya suna iya yin ƙungiya. Su zaɓi mutum ɗaya mai haƙuri ya riƙe iyaye, kowa ya kawo nasa kason na abinci, a raba ƴaƴa. Ƙungiyar mata masu man gyaɗa ta samu mai sayen tunkuza na dindindin. Masu zogala na Jiratawa su samu wurin kai ganyen da ya karye. Kuɗin ya tsaya a gida.

Wani gargaɗi ga masu haɗa garin kifi: kada a je tafki a kwashe ƴan ƙananan kifaye don a niƙa. Wanda ya yi haka ya cinye irin masunta. A tsaya ga kawuna da ragowar da ake zubarwa.

Kira ga masu ilimi da hukuma

Muna da cibiyar binciken aikin gona ta INRAN a Tarna. Muna da Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo a cikin gari. Muna da ma'aikatan gandun daji, waɗanda kula da su da kiwon kifi ke hannunsu. Roƙona gare su abu uku ne. Su auna mana kayan abincin da muke da su a nan, su gaya mana haɗin da ya fi. Su rubuta sakamakon da Hausa mai sauƙi, su karanta a rediyo. In ƙungiyoyin taimako za su raba ƴaƴan kifi, su haɗa da koyar da riƙon iyaye, don kada baɗi mu sake miƙa hannu.

Jiharmu ta taɓa yin irin wannan aiki. Jar akuyar Maraɗi ta yi suna har ƙasashen waje, saboda an tsaya an zaɓi iri, an kula da shi shekara da shekaru a gidan awaki na nan gari. Kowace mai akuya ta san in ta ba ta harawa da dusa kafin barbara, tagwaye sukan yawaita. Ilimin yana hannunmu. Saura mu kai shi bakin kwami.

Kalma ta ƙarshe

Maƙwabcina bai yi zuciya ba. Ya sake ware iyaye, ya ba su haɗin gida wata 3, yana aunawa da sikeli, jikansa yana rubuta masa. Da aka matse, ƙwai ya cika kwano. Ya sayar wa mutum huɗu ƴaƴa, ya cika nasa kwamin.

Ran nan na same shi yana auna abincin yamma. Ya dube ni ya yi dariya, ya ce: "Ɗana, na yi shekara sittin ina ajiye irin gero. Ban san kifi ma yana da rumbu ba, ashe cikin uwarsa ne."

Na ce masa haka ne, Baba. Kuma in mun koma gida, mu duba wadda take ɗauke da cikin ɗan mutum. Ita ma daga abin da ta ci take gina wanda ke cikinta. In an kama kifin farko, a fara sa mata a kwano, ita da yara ƙanana, kafin a kai kasuwa.

A karanta wa wanda bai iya ba. In kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya sa wa kiwonmu albarka. Amin.